Araha Ba Ta Ado, Amma Tana Amo

A ƙarshen hunturun bara na halarci liyafar auren wani abokin aiki a wani zauren taro a Gusau. Dangin amarya sun ɗauko 'yan kiɗa su huɗu: mai fiyano, mai ganguna, mai waƙa, da wani saurayi siriri rataye da jar jita mai lantarki. Tun kafin ya taɓa tsirkiya ko ɗaya lasifika ta fara gurnani kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Da ya fara kaɗawa kuma sai amon ya fito a shaƙe, babu zaƙi babu armashi. Mutumin da ke zaune kusa da ni, babban ma'aikaci mai digiri biyu, ya karkato ya ce mini, "Ka ji ko? Kayan Chaina ke nan. Araha ba ta ado." 'Yan teburinmu suka gyaɗa kai, aka koma kan shinkafa.

Ni dai maganar ta tsaya mini a rai. Da aka tashi na zaga bayan dandamali na duba. An soke wayar jitar kai tsaye a cikin mikisa, a ramin da aka yi domin fiyano. Wayar kanta ta kai tsawon igiyar guga, kuma an naɗe ta da salatif a wuri biyu. Wutar zauren daga ƙaramin janareta take, an jona kayan da filogi mai ƙafa biyu. Tsirkiyoyin sun yi tsatsa har sun koma launin ƙasa, yaron kuwa ya ce tun da ya sayi jitar bai taɓa canza su ba. Da a ce Fender ta dala dubu biyu aka kawo wannan zaure, aka ba ta wannan waya da wannan wuta, gurnanin nan dai za ta yi. Bambancin kawai shi ne maƙwabcina, in ya hango sunan a kanta, sai ya ce laifin mai lasifika ne.

Da wannan hukunci nasa nake faɗa, domin ba shi kaɗai ke yanke shi ba. Hukunci ne na ajinmu, mu da muka yi boko muka saba auna ingancin abu da rasiɗinsa. Mu ne ke zama a kwamitin sayen kayan kiɗa na majami'a ko na makaranta, mu ne ke zuba kuɗi a situdiyo, mu ne iyayen da yaro ke zuwa wurinsu da roƙo. A duk waɗannan wurare muna maimaita cewa jita mai araha ba ta da sauti, alhali ba mu taɓa zama mun gwada ba. An bar jaki ana dukan taiki. (Ba hukuncin kiɗa a addini nake tattaunawa ba, wannan fagen malamai ne. Ina magana ne da wanda ya riga ya yanke shawarar saye, ko ake neman shawararsa.)

Kuskuren yana da tushe mai kyau, shi ya sa yake da wuyar tumɓukewa. Kunnen Bahaushe ya horu ne da garaya da gurmi da molo da goge, kuma a waɗannan kayan jiki shi ne murya. Ƙwarya da fatar da aka rufa mata su ke karɓar girgizar tsirkiya su tura ta cikin iska. Ƙwarya mai tsaguwa ko fata mai laushi ba ta da magani, ko wane ne ya riƙe ta. To, sai muka ɗauki wannan sani muka ɗora wa jita mai lantarki, wadda aikinta ba haka yake ba ko kaɗan.

A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai wani ɗan abu da masu sana'ar ke kira fikof, ni kuwa zan kira shi maɗauki. Ba kome ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashin kai, naɗi wajen 8,000 a irin na Fender. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a gabansa sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, motsin ya haifar da 'yar ƙaramar wuta a cikin naɗin. Dokar da Michael Faraday ya gano a 1831 ce, wadda kowane ɗalibin kimiyya na sakandare ya haddace don jarrabawa. Wannan 'yar wuta ce ke bin waya zuwa amfilifaya, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mayar da ita amo. Maɗaukin ba ya jin iska, ba ya jin fenti, ba ya karanta sunan da aka rubuta a kan jita. Ƙarfe mai rawa kawai yake gani. Katako yana da nasa ɗan tasirin, musamman wajen tsawon lokacin da tsirkiya ke ɗauka kafin ta yi shiru, amma tasirin ƙarami ne a kan na maɗauki da tazararsa daga tsirkiya da amfilifaya da lasifika. Farfesa Manfred Zollner na birnin Regensburg a Jamus ya shafe shekaru yana aune-aune, ya rubuta ƙaton littafi kan kimiyyar jita mai lantarki, kuma nan ya tsaya. A 2022 wani makaɗi a Nashville mai suna Jim Lill ya yi gwajin da ya fi saurin shiga kai: ya riƙa cire sassan jita ɗaya bayan ɗaya har ya rabu da katakon jikin gaba ɗaya, ya ɗaure tsirkiyoyi a sarari tsakanin teburin aiki da wani abu mai nauyi, ya kafa maɗauki a ƙarƙashinsu a daidai tazarar da yake a jita mai tsada. Miliyoyin mutane sun saurara a YouTube, kuma da ƙyar kunne ke raba biyun.

Tarihin abin ma ba ya goyon bayan maƙwabcina. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, kuma bai iya kaɗa jita ba. Jitar da ya fitar a 1950, wadda daga baya aka sa wa suna Telecaster, faifan katako ne shafaffe da aka ɗaure wa wuya da kusoshi huɗu, don a ƙera da sauri, a sayar da sauƙi, in wuyan ya lalace a kwance a sa wani. Masu ƙera jita na gargajiya sun yi mata dariya, suna kiranta filafilin kwalekwale. Abin da yau ake ɗauka ma'aunin tsada, a matsayin kayan talaka mai aiki aka haife shi. Eddie Van Halen, wanda ya sauya yadda ake kaɗa jita a ƙarshen shekarun 1970, da hannunsa ya harhaɗa tasa: ya sayi jikin dala 50 saboda yana da aibi a katakon, wuyan kuma dala 80.

Kada a ce na ɓoye gaskiya, akwai zamanin da araha ta cancanci zagin da ake yi mata. Jitocin arha na da can sukan zo da ƙarafan wuya a karkace, tsirkiya ta yi nesa da allo har yatsa ya yi jini. Abin da ya sauya shi ne injin yanka katako mai aiki da kwamfuta. Injin da ke yanka wuya a Chaina ko Indonesiya da wanda ke yanka shi a Amurka lissafi ɗaya suke bi, kuma injin bai san farashin da za a liƙa wa abin ba. Fender da kansa ya fara fitar da Squier daga Japan a 1982 saboda kwaikwayon da Japanawa ke yi wa kayansa ya yi kyau har ya fara cinye masa kasuwa. Yamaha yana da jerin Pacifica da malaman kiɗa a ƙasashe da yawa ke ba ɗalibai shawarar saye. Kamfanin Cort yana da masana'anta a Surabaya inda yake ƙera wa wasu manyan sunaye jitocinsu, ya kuma ƙera nasa a gefe. Kaso mai tsoka na tazarar farashi albashin ma'aikaci ne da kuɗin suna.

Ina ne to ake rage kuɗin? A awannin da hannun ɗan Adam ke ɓatawa bayan injin ya gama. Ba a goge bakin ƙarafan wuya sosai, ba a daidaita tsayinsu ɗaya da ɗaya. Ramukan da tsirkiya ke kwanciya a saman wuya sukan zo a matse, sai tsirkiya ta riƙa maƙalewa tana sauka daga saiti. Makullan ɗaure tsirkiya sukan yi sako-sako, ramin waya ya yi saurin kwancewa, kuma sau da yawa ba a lulluɓe ramin kayan wuta da abin da zai tare hayaniya daga waje. Waɗannan aibobi ne na gaskiya, ba na musu. Amma a duba su da kyau: kusan dukkansu aikin yini ɗaya ne ga mai sukudireba da alanki da ƙarfen liƙin dalma. Abu biyu ne ba sa gyaruwa cikin sauƙi, wato wuyan da ya murɗe da sandar ƙarfen cikin wuya idan ta ƙi juyawa, kuma duka biyun ana gane su a shago cikin minti biyar kafin a biya kuɗi.

Abin da ke kashe sautin jita a Gusau yana wajen jitar, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan daure.

Na farko shi ne ramin da ake soka ta. Maɗauki kamar rijiya ce mai ƙaramin ido: in ka ja ruwa a hankali ta ba ka garai-garai, in ka zura mata babban injin ban ruwa ta ba ka laka. Amfilifayar jita an gina ƙofarta da turjiyar om 1,000,000 domin ta ja kaɗan. Ramin fiyano a mikisa kuwa yakan kasance wajen om 10,000, wato yana zuƙa ninki ɗari. Sakamakon shi ne zaƙin sama ya zube, amo ya fito a dushe, daidai abin da muka ji a liyafar nan. Doguwar waya tana ƙara dagula lamarin, domin kowace mita tana shanye wani abu daga wannan zaƙi. Maganin ba jita ta miliyan biyu ba ce. Ƙaramin akwati ne mai batir da ake kira DI, ko ramin musamman na jita da wasu mikisoshi ke zuwa da shi, da gajeriyar waya mai kyau. Sai kuma ita lasifikar. Lasifikar jita da gangan aka yi ta kurma ga duk abin da ya haura girgiza wajen 5,000 a sakan, wannan kurumtar ce ke tace kaushi ta bar daɗi. Manyan lasifikokin taro, irin na wa'azi da siyasa da biki, suna da ƙaho mai fitar da kome da kome. In aka tura musu jita mai ƙara ba tare da tacewa ba, sai ka ji kamar ana soya gyaɗa a kwano.

Na biyu shi ne wuta. Lantarkin Najeriya yana juyawa sau 50 a sakan, kuma maɗauki mai naɗi ɗaya, irin wanda ya yi wa Stratocaster suna tun 1954, eriya ce da ke kwasar wannan gurnani daga kowace waya da taransfoma da fitila da cajar waya a ɗaki. Mai tsada da mai araha duk haka suke, hali ne na ƙirar. Ƙaramin janareta yana ƙara nasa, domin wutarsa ba ta fita sumul, tana hawa tana sauka da nauyin da aka ɗora masa. Inbata mai arha ma haka. Tun a shekarun 1950 Seth Lover na kamfanin Gibson ya magance matsalar da maɗauki mai naɗi biyu masu saɓa wa juna, gurnanin ɗaya ya kashe na ɗayan, kuma daga 1957 aka fara sa shi a jitocin Les Paul. Saboda haka zan faɗi abin da zai ɓata wa masu son suna rai: a zauren da ke aiki da janareta a Gusau, jita mai araha mai naɗi biyu ta fi Stratocaster ɗan Amurka mai naɗi ɗaya tsabtar amo. Ko a irin Stratocaster ɗin ma, a yawancin na zamani, in aka ajiye makunnin zaɓe a matsayi na biyu ko na huɗu gurnanin yakan ragu ƙwarai. Saurayin nan na liyafa bai taɓa jin wannan ba, kuma babu wanda zai gaya masa.

Akwai abin da ya fi sauti muhimmanci a nan. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya, jikin amfilifaya kuma ana so ya haɗu da ƙasa ta ƙafa ta uku ta filogi. Gidaje da zauruka da yawa a garuruwanmu an yi musu wayarin ba tare da an binne sandar ƙasa ba, inda aka binne ma sai ka tarar an karya ƙafa ta ukun don filogi ya shiga soket. Ranar da wani abu ya taɓa a cikin amfilifaya, hanyar da ta rage wa wuta zuwa ƙasa ita ce hannun makaɗi da leɓensa a kan makirufo. Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows a kan dandamali ya mutu a Swansea a 1972 ta wannan hanya. Keith Relf na Yardbirds ya mutu a gidansa a 1976 yana riƙe da jita. Ba kayan araha ne suka kashe su ba. Kwamitin da zai kashe miliyoyi kan jita ya bar gini babu sandar ƙasa, ban san sunan da zan ba shi ba.

Na uku yanayi ne. Masu ƙera jita suna ba da shawarar a ajiye ta inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A tsakiyar hunturu laimar iskarmu kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, a watan Agusta kuma ta cika ɗaki har gishiri ya jiƙe. Katako yana tsukewa yana kumbura, ƙarfe kuwa ba ya bin sa. Shi ya sa a Janairu bakin ƙarafan wuya ke fitowa suna yankar hannu, wuya ya lanƙwashe, tsirkiya ta riƙa gogar allo tana zizara. Da damina kuma gumi da laima su cinye tsirkiya cikin makonni. Hunturu ba ya tambayar rasiɗi. Jita a Zamfara tana bukatar saiti aƙalla sau biyu a shekara, in an shiga rani da in an shiga damina, kuma wanda ya sayi mai tsada ya ƙi yi mata haka, asararsa ce kawai ta fi girma.

Saurayin nan ɗan Bungudu ne, na karɓi lambarsa. Bayan mako biyu na bi hanyar Sakkwato na same shi, muka ɗauki jitar muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifayar masallaci da na daɗe da sani a garin. Bai taɓa buɗe jita ba a rayuwarsa. Da muka kwance murfin ya leƙa sai ya yi dariya, ya ce, "Malam, ai wannan ko rediyon Kaduna ya fi ta kaya a ciki." Gaskiya ya faɗa: maɗauki uku, makunni ɗaya, maɓallan murɗawa uku, 'yar kafasita, shi ke nan. Ya sake liƙa wayar ƙasa da ta kusa cirewa, ya shimfiɗa takardar alminiyam a ramin ya haɗa ta da ƙasa, ya wanke maɓallan. Ni kuma na sa sababbin tsirkiyoyi, na juya sandar wuya rubu'in zagaye, na daidaita jakin da tsirkiyoyi ke hawa har amon tsakiyar wuya ya yi daidai da na tsirkiya a sake. Muka jona ta da 'yar amfilifaya mai batir da gajeriyar waya. Yaron ya kaɗa, ya tsaya, ya juya jitar ya duba bayanta kamar an musanya masa. Abin da muka kashe bai kai kuɗin man da na sha zuwa da dawowa ba, in aka cire tsirkiyoyin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Zamfara. Ƙasar da ta haifi Ibrahim Narambaɗa na Tubali da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi da Sani Sabulu na Kanoma, waɗanda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe rayuwarsa yana tattara tarihinsu da nazarin waƙoƙinsu, ba ta bukatar a koya mata cewa kayan kiɗa sai da kulawa. Makaɗin kotso ba ya shiga fada sai ya duba ɗan danƙon da ke tsakiyar fata ya ji amon ya zauna. Mai goge ba ya fara ja sai ya shafa wa izga ƙaro. Mai ganga yana shanya ta a rana ko ya kara ta kusa da wuta in sanyi ya sassauta fatar. Wannan shi ne saiti, kuma babu wanda ya taɓa tambayar nawa aka sayi icen da aka sassaƙa kotson Narambaɗa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwanin kifi da 'yar fata da tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. Jikokin waɗanda suka saurari kuntigi suka yi kuka su ne yau ke cewa tsirkiya shida a kan katakon Indonesiya ba za su iya fitar da sauti ba.

In ana son misali da ita jitar kanta, ba sai an je Turai ba, a tsallaka iyaka kawai. Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa ƙungiyar Abzinawa ta Tinariwen, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a 2012 ƙungiyarsa ta karɓi kyautar Grammy. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa a Nijar, shi ma da katako da wayar keke ya fara. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, a ƙarshen titin nan da ya ratsa Bungudu, da salon situdiyon waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu a Sahara daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, a sauti mafi ƙasƙanci da za a iya tunani, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji ɗaya daga ciki ya shiga nemansa. Na san abin da za a ce mini: ai yanzu Fender yake riƙewa. Haka ne, kuma ya cancanta. Mai kaɗawa kowane dare a birane daban-daban yana bukatar abin da makullansa ba sa sassautawa, wanda zai jure jifa a filin jirgi. Wannan hujja ce ta ƙarko da sauƙin hannu, kuma na yarda da ita. Amma Fender ɗin bayan duniya ta saurare shi ya zo. 'Yan kiɗan bikin Agadas da suka koya masa hanya, da jitocin kasuwa da amfilifaya mai shan ƙura suka gina salon da yau ake kwaikwayo a Amurka.

Me ya sa to muke rantsuwa cewa muna jin bambanci? Domin ido yana riga kunne yanke hukunci. Claudia Fritz da abokan aikinta sun gwada wannan da goge irin na Turawa, inda tazarar farashi ta kai miliyoyin daloli. A binciken da suka buga a 2014 sun sa ƙwararrun makaɗa goma tabarau mai duhu, suka ba su goge goma sha biyu, shida tsofaffi na Italiya, akasarinsu na Stradivari, shida sababbi. Shida daga cikin goman suka zaɓi sabo, kuma ƙoƙarinsu na gane tsoho daga sabo bai fi canki-canki ba. Wannan fa a kayan da katako shi ne muryarsa ke nan. Ina ga wanda muryarsa waya ce da maganaɗisu?

Son sunan nan kuma shi ke jefa mu ramin da muke gudu. Mai saye ya raina Yamaha ko Cort ko Squier na gaskiya saboda sunan bai cika baki ba, sai ɗan kasuwa a Alaba ko Sabon Garin Kano ya miƙo masa wadda aka rubuta wa Gibson ko Fender a farashin da hankali ba zai ɗauka ba, ya karɓa yana murna. Jabu ce, kuma ita ce mafi munin araha, domin wanda ya ƙera ta ba shi da sunan da zai kare. A Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka sun nuna jabun Gibson sama da 3,000 da suka kama a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles. Inda ake bincike ke nan. Abin da ke shigowa inda ba a bincike, mai karatu ya ƙiyasta.

A tuna kuma cewa araha a bakin ɗan Amurka ba araha ba ce a Tsafe. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta haura naira 1,500 a 2024, shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Jitar dala 200 ta zama albashin wata huɗu da ɗoriya, ta dala 1,500 kuwa ta haura naira miliyan biyu. Idan mai ilimi ya gaya wa uba cewa ta ɗari biyun shara ce, a aikace ya ce masa kada ɗansa ya fara ke nan. Na ga haka a danginmu. Wani ɗan 'yar uwata a Tsafe ya yi shekara yana tara kuɗi daga gyaran waya, mahaifinsa ya yarda zai cika masa, sai wani aboki mai fita waje ya ce kada a yi asara, a jira a sayi ta gaske. Ana nan ana jira dala ta ninka. Yaron yanzu a wayarsa yake haɗa kiɗa, yana danna hoton jita da ɗan yatsa.

Nan ne asarar ta fi zafi. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa kan yadda fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano tun daga shekarun 1990, har kiɗan fiyano ya zama sunan salo sukutum. Ba na zagin fiyano, ya ciyar da dubban gidaje. Amma cikinsa akwai maɓallin da aka rubuta wa jita, da na goge, da na sarewa, kuma mun yi shekara kusan talatin muna sauraron hoton tsirkiya a madadin tsirkiya ba tare da wani ya ce araha ba ta ado ba. Maɓalli ba ya lanƙwasa amo ya bi hawa da saukar harshen Hausa yadda mai kukuma ke yi da yatsa. Jita tana iyawa, in an ja tsirkiya gefe ko an zame a kanta, kuma mai araha da mai tsada daidai suke iyawa. Bala Miller ya nuna tun tuni cewa Hausa tana zama daram a kan jita da ƙaho. A Zamfara kuwa fagen kiɗan dare ya tsuke tun daga 2000, rashin tsaro ya zo ya ƙara tsuke shi, har bin hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa don kai jita gyara a Kaduna ko Kano ya zama abin da uwa ba za ta yarda da shi ba. 'Yan kaɗan ɗin da suka rage suna riƙe da tsirkiya, a majami'u da ƙungiyoyin biki da ɗakunan kwanan ɗalibai, ba su bukatar mu ƙara musu da raini. Suna bukatar mai gyara a garinsu, kuma masu gyaran suna nan a bakin kowace kasuwa da ƙarfen dalma a hannu, awo kawai ba a ba su ba.

Ga duk kwamiti ko uba ko mai situdiyo da ke da kuɗin jita ɗaya mai tsada a hannu, shawarata ita ce a raba kuɗin. A sayi mai araha ta kamfanin da ke amsa sunansa, mai naɗi biyu aƙalla a maɗauki ɗaya, a duba wuyanta ta tsawo kamar mai duba miƙewar sanda. Mafi yawan abin da ya rage a zuba shi a amfilifaya da lasifikar da aka yi domin jita, domin nan ne kuɗi ke jiyuwa a kunne. A kira mai wayarin ya binne sandar ƙasa. A sayi gajerun wayoyi biyu da tsirkiya ta shekara guda. In da saura, a sayi jita ta biyu a ba wani yaro.

Kafin mu bar shagon dattijon nan na Bungudu ya ce in rubuta masa awon da na yi amfani da shi, ko wani zai kawo irinta. Na yagi bayan kwali na rubuta da Hausa: tazarar tsirkiya daga ƙarfe na goma sha biyu kada ta wuce milimita 2, sandar wuya rubu'in zagaye a lokaci guda sannan a jira, kada a taɓa karya ƙafa ta uku ta filogi. Ya karanta sau biyu, ya nemi ƙusa ya kafe kwalin a bango, tsakanin kalanda da jerin sunayen masu bashi.